Tambayi Likita: Wai sai an lanƙwasa masa wuya zai natsu

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, ya aiki ya iyali. Ni ina zaune ne a Bronx cikin birnin New York da maigidana, asalina 'yar Zangon Kumasi ce. Ɗana na biyu shekararsa 8, wallahi yaron nan baya iya zama waje ɗaya ko na minti biyu, ana cin abinci zai tashi sau goma, a makaranta kullum sai an kirani wai ya katse malama ko ya amsa tambaya tun ba'a gama yinta ba, rannan saura ƙiris mota ta kwashe shi don ya hango ƙwallo ya faɗa titi ko waiwaye babu. Likitan yara yace ADHD ne, wato matsalar rashin natsuwa da garaje, kuma ya kawo zancen magani, ni kuma gaskiya ina tsoron ƙwaya kar yaro ya saba. Sai wata ƙawata ta rakani wani waje na masu gyaran ƙashin baya da ake cewa kairofirakta, suka ɗauki hoton bayansa sukace wai ƙashin wuyansa na sama ya goce tun wajen haihuwa shine yake danne jijiya, kuma wai ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwarsa yafi ɗayan rauni, zasu dinga gyara wuyan suna masa motsa ƙwaƙwalwa sau uku a sati har wata huɗu, kuɗin sun haura dala 3,000 kuma inshora bata biya. Babansa kuma cewa yake sangarta ce kawai a tura shi gida wajen kakarsa yaci dorina. Dan Allah me zanyi, kaina ya kulle.

Wata uwa daga New York

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya shirya mana su. Zan fara da abin da yafi gaggawa: kar ki biya kuɗin nan, kuma kar ki bari kowa ya murɗa wuyan yaron nan.

Ita wannan sana'a ta kairofirakta a can Amurka inda kike aka haife ta. Wani mutum mai suna Daniel David Palmer ne ya fara ta a garin Davenport na jihar Iowa a shekarar 1895, kuma shi ba likita bane, kafin nan maganin maganaɗisu yake yi. Yace wai wani mai shara a ginin da yake aiki, Harvey Lillard, baya ji sosai, sai ya danna masa wani ƙashi a baya kunnen ya buɗe. Daga nan ya yanke cewa kusan duk cutar ɗan Adam daga gocewar ƙashin baya take. To jijiyar ji dai a cikin ƙoƙon kai take, daga kunne ta shiga ƙwaƙwalwa, ko kusa da ƙashin baya bata bi ba, kinga tun daga tushe maganar ta samu tangarɗa. A 2010 hukumar dake kula da masu wannan sana'a a Ingila da bakinta ta faɗa cewa babu wani bincike na asibiti da ya nuna wannan gocewa da suke faɗa tana haddasa cuta.

Mu da muka tashi muna ganin masu ɗori zai mana sauƙi mu ɗauka abu ɗaya ne, alhali da bambanci. Mai ɗori karaya yake kamawa ko targaɗe, abin da ido ke gani hannu ke ji, ƙafa ta kumbura yaro na ihu. Wannan kuwa yaro lafiyarsa ƙalau yana tsalle yana guje-guje ace maka ƙashin wuyansa ya goce shekara takwas. Da ƙashin wuya na sama zai goce da gaske har ya danne laka, ai ba ƙiriniya za ki gani ba, ɗakin tiyata za'a nufa da gudu. Ƙarar ƙas ɗin da ake ji in sun lanƙwasa mutum kuma iska ce a cikin ruwan gaɓa, irin wadda kike ji in kin ja yatsanki, ba wani ƙashi ne ya koma mazauninsa ba.

Ba zan zalunce su ba, babban mutum mai ciwon ƙugu yakan ɗan samu sauƙi a hannunsu, kwatankwacin wanda zai samu da motsa jiki ko tausa. Amma rashin natsuwa da garaje irin na ɗanki ba a gadon baya suke ba. Lamarin a cikin ƙwaƙwalwa yake, musamman sashen gaba na wajen goshi wanda shine birkin mutum, shi ke cewa dakata tukuna kafin ka faɗa titi, kuma yana aiki ne da wasu sinadarai da ake kira dofamin da noradirinalin. A yara irin naki birkin ne ke jinkirin kamawa. Ba a samu wani gwaji mai inganci da ya nuna danna ƙashin baya yana taɓa wannan ba, abin da suke yawan nunawa labarin yaro ɗaya ne ko biyu da iyayensu suka ce sun ga canji. Kuma ni ban ce iyayen ƙarya suke ba, uwa da ta zuba dala dubu uku tana kai yaro sau uku a sati, tana tare da shi a mota suna hira, an sa shi tsalle-tsalle da wasan daidaita jiki, an ce a rage masa waya a kwantar da shi da wuri, dole ta ga wani abu, sai dai ba wuyan ne ya kawo shi ba kuma duk wannan kina iya yinsa a gida ba ko sisi.

Zancen wai ɓari ɗaya na ƙwaƙwalwa ya fi rauni shima ba haka likitocin ƙwaƙwalwa ke gane ADHD ba, kuma ba'a ganinsa a hoton ƙashi, an dai haska wa yaro hasken hoto a banza. Akwai wata hanya da suke yawan haɗawa da ita wadda ake manna wayoyi a kan yaro yana kallon allo wai yana koyon sarrafa igiyar ƙwaƙwalwarsa, ana kiranta niyurofidbak, tun shekarun 1970 ake gwada ta. Ita aƙalla masana sun zauna sun bincike ta da gaske, kuma abin da ya fito shine in iyaye sun san yaronsu na samu sai su ce ya gyaru, in kuma aka tambayi malaman da basu san wane yaro ke samun na gaske wane ke samun na bogi ba, bambancin sai ya kusa ɓacewa. Bata da haɗari, tsada ce da ita da cin lokaci.

Wuya kuwa yana da haɗari. Akwai jijiyoyin jini da suka ratsa ta cikin ƙasusuwan wuya suna kai jini bayan ƙwaƙwalwa, kuma an sha samun mutanen da bangon jijiyar ya tsage bayan an murɗa musu wuya har ta kai ga shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma don me za'a ɗauki ko ƙanƙanin kasada akan abin da ba amfani zai yi ba? A Ostireliya a 2019 sai da aka dakatar da yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 2 wannan gyaran ƙashin bayan, bayan wani bidiyo ya fita na jariri ɗan sati biyu da ake yiwa haka a birnin Melbourne.

Yanzu maganin da kike tsoro. Na fahimce ki sarai, duk wanda yaga abin da taramol da kodin suka yiwa samarinmu a gida dole gabansa ya faɗi in yaji kalmar ƙwaya. Amma wannan ba sabon abu bane da ake gwaji akan ɗanki. Tun 1937 wani likita Charles Bradley a jihar Rhode Island ya lura yaran da ya baiwa irin wannan magani sun natsu karatunsu ya gyaru, shi kuma Ritalin, ɗaya daga cikin magungunan ADHD da kike ji, tun 1944 aka haɗa shi. A 1999 an fitar da sakamakon wani babban bincike a Amurka da Kanada akan yara 579 da aka bi wata 14, aka ga magani in ana bibiyarsa da kyau yana rage matsalar sosai, in an haɗa da horar da iyaye da malamai kuma zaman gida da makaranta yafi daɗi. Kusan yara bakwai cikin goma yana musu aiki. Yana da nasa illolin kuma gara ki sani tun yanzu: yana rage cin abinci, yana iya hana barci in an sha da yamma, don haka ake auna nauyi da tsawo da bugun zuciya lokaci lokaci. In bai karɓe shi ba a canza ko a daina, akwai ma wani mai suna atomozetin da ba ya cikin rukunin su Ritalin. Binciken da aka yi bai nuna cewa yaran da suka sha shi bisa ƙa'ida sun fi faɗawa shaye-shaye ba, wanda aka bari haka nan da garajensa ya girma ana korarsa daga aji shine abin ji.

Ki rubuta wa makarantarsa takarda, a rubuce ba da baki ba, kice kina so a duba shi a yi masa tsarin tallafi na sashe na 504 na dokar Amurka mai kare masu buƙata ta musamman. Haƙƙinki ne a makarantun gwamnati a can kuma kyauta ne. Ki kuma tambayi likitan yaran inda ake horar da iyaye. A gida umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ki kira sunansa ya kalle ki tukuna, in yayi daidai ki yaba nan take kar ki bari sai dare, yaran nan suna shan faɗa daga safe har dare har su yarda su ɗin ba na kirki bane, wannan ne ma yafi ci min rai a lamarinsu.

Shi kuma maigida ki lallaɓa shi ku je wajen likitan tare. Abin nan gado ne mafi yawansa, binciken tagwaye ya nuna sama da kashi 70 cikin ɗari daga jini yake, in kuka zauna kuka tuna za ku samu wani kawu ko baffa da aka yi ta cewa rawar kai gare shi. Dorina zata sa yaro ya ji tsoro na awa ɗaya, gobe ya sake faɗawa titi don ba da gangan yake ba.

Tambaya: Likita barka da aiki. Ni malamin firamare ne a yankin Anka jihar Zamfara, ajina yara sun fi 80 kuma akwai kamar biyar da ko me nayi basa natsuwa, ɗaya ma yarinya ce bata ƙiriniya sai dai ta ƙura ido kawai kamar bata ajin. Shin ciwon nan na turawa ne kawai ko muma muna da shi, kuma ina za'a kai su?

Malamin makaranta daga Anka

Amsa: Malam Allah ya saka da alheri da ka lura da su. Muna da shi, an ƙiyasta kusan yara 5 cikin 100 a duniya baki ɗaya, mu dai sunan da muke ba shi ne daban, ƙiriniya, rashin ji, rawar kai. Amma ba duk yaro mai ƙiriniya bane, sai abin ya wuce wata shida, ya fara kafin shekara 12, ana ganinsa a fiye da waje ɗaya, kamar gida da makaranta ko islamiyya, kuma yana cutar da karatunsa ko zamansa da mutane.

Tunda kace Anka dole in kawo maganar dalma. Ka fini sanin abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje, ƙauyuka irin su Bagega sai daga baya aka kwashe ƙasar da ta gurɓata. Dalmar da bata kai ta kashe yaro ba tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta ta kawo rashin natsuwa da saurin fushi, kuma ba'a gane ta da ido sai an auna jini. Ka tambayi iyayen yaran nan ko ana harkar dutse a gidan ko uban yana dawowa da kayan aiki masu ƙura. Bayan wannan akwai yunwa, yaron da ya fito ba karin kumallo ba zai natsu ba, akwai ƙarancin jini, akwai wanda baya ji sosai saboda kunne na ruwa, akwai wanda zazzaɓin cizon sauro ya taɓa hawa masa kai har ya suma.

Yarinyar nan kuma ka sa mata ido da kyau. In ƙura idon na 'yan daƙiƙu ne, ka kira sunanta ko ka taɓa ta bata amsa ba sannan ta dawo kamar ba abin da ya faru, sau da yawa a rana, to yana iya zama wata irin farfaɗiya ce da ba'a faɗuwa, kuma tana da magani. In kuwa kana taɓa ta take dawowa to tafiyar tunani ce, wanda shine kamannin da ADHD yafi ɗauka a 'ya'ya mata shi yasa ake wuce su ba'a lura ba. A fara da likitan yara a asibitin tarayya na Gusau, in da buƙata su tura asibitin koyarwa na Sakkwato ko na ƙwaƙwalwa dake Kware, kuma ka faɗa wa iyayen zuwa Kware ba yana nufin ɗansu ya haukace ba. A aji ka dawo da su gaba kusa da kai, mai yawan tashin ka mayar da shi ɗan aikenka, shi zai goge allo shi zai raba littafi.

Tambaya: Likita gaskiya ne alawa da lemon kwalba ke sa yara ƙiriniya? Kishiyata tace in hana nawa zai natsu.

Wata uwa daga Maraɗi

Amsa: Hajiya an gwada wannan sau da yawa tun shekarun 1980, ana baiwa wasu yara sukari wasu kuma abin zaƙi marar sukari ba tare da kowa ya san wanne ne wanne ba, ba'a ga bambanci a halinsu ba. Har akwai gwajin da aka cewa iyaye mata an baiwa 'ya'yansu sukari alhali ba'a basu ba, sai gashi sun ce yaran sun ƙara ƙiriniya. Ki rage masa dai saboda haƙori da kuma kar ya ƙi cin tuwo. Abin da zan ce ki hana shi da gaske shine lemo mai baƙin ruwa irin su Coca-Cola da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari daga la'asar zuwa dare, don suna hana barci, yaro ɗan firamare kuma yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kwance, in bai samu ba washegari ke da malaminsa za ku ji a jikinku.