Yaya ake auna halin ƙasa lokacin girgiza?

Tambaya: Ni magini ne a Garwa, kusa da kogin Binuwai. Na ji an ce girgizar ƙasa ɗaya kan rusa wata unguwa ta bar maƙwabciyarta. Malam, yaya masana ke gane haka?

Amsa: Maigida, kai da kake haƙa tushen gini ka riga ka san ƙasa ba ɗaya ba ce. Girgiza daga dutsen ƙarƙashi take tasowa, ta ratso laka da yashi kafin ta iso gini, laka mai laushi kuwa ƙara mata ƙarfi take yi. A 1985 girgizar da ta auka wa birnin Meziko daga nisan sama da kilomita 300 ta taso, amma unguwannin da ke kan lakar tsohon tafki ne suka fi jin jiki. Na'urorin auna motsi da ke can sun nuna motsi kusan ninki biyar na kan tudu.

Aunawar ga yadda take. Ana haƙa rami kamar na burtsatse, a binne na'urar auna motsi can ƙasa, wata a tsakiya, wata a sama, sai a kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fito. A tsibirin Port na Kobe a Japan, na'urar da ta fi zurfi tana mita 83. Da girgizar 1995 ta zo, sai motsin gefe da gefe a sama ya gaza na ƙasa, domin jiƙaƙƙen yashin ya saki ya koma kamar kunu. Ba sauƙi ba ne wannan, a irinsa gini ke nutsewa ko ya karkace. Shi ya sa na fi yarda da awon fili: ƙasar da aka ciro zuwa ɗakin gwaji ta riga ta canja hali.

Arewacin Kamaru da Chadi ba yankin manyan girgiza ba ne, an fi jin ta wajen Dutsen Kamaru a kudu. Duk da haka ba sai mun jira ba. Tun 1989 aka yaɗa dabarar wani masani ɗan Japan mai suna Nakamura, inda ake ajiye na'ura ɗaya a ƙasa ta ɗauki ƙaramin motsin motoci da iska. Daga nan ake ƙiyasta kaurin laka da irin saurin kaɗawar da take ƙara wa ƙarfi, sai dai ba ta faɗin abin da babbar girgiza za ta yi.

In bene za ka ɗora a bakin Binuwai, ko a Kusiri da Njamena gefen kogunan Logon da Shari, sa a auna zurfin yashi da na ruwan ƙasa tukuna, musamman bayan damina.