Tambaya da Amsa: Injin batir mai tuƙa jirgi da kansa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni masunci ne a bakin Dam ɗin Tiga. Ƙanena ya nuna mini bidiyon wani ƙaramin injin jirgi mai aiki da batir, wai shi ke riƙe hanya da kansa, har ya tsayar da jirgi wuri ɗaya ba sai an jefa dutse ba. Zai yi wa kwalekwalen katako?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Injin gaskiya ne, kamfanoni irin su Minn Kota na Amurka ke ƙera shi. Akwai mai kamfas kawai, wanda ke riƙe fuskar da ka saita masa, akwai kuma mai GPS, wanda idan iska ta ture jirgi sai ya dawo da shi inda ka danna. Ga mai su da ƙugiya shi kaɗai, wannan babban sauƙi ne: hannuwa biyu na kan aiki, ba fetur, ba ƙarar da za ta kori kifi.

Wahalarsa batir. Injin mai volt 12 yawanci ƙarfin turinsa ba ya wuce fam 55 (fam ma'aunin nauyi ne, kusan rabin kilo), kuma ana lissafa fam 2 ga kowane kilo 45 na jirgi da kayansa, wato zai ɗauki jirgin da bai wuce tan ɗaya ba sosai. Idan aka ƙure shi yana jan kusan amp 50. Batir mai amp 100 kuwa, idan na ruwa ne, rabinsa kawai ya kamata a sha, ka ga awa ɗaya ke nan a ƙure. A hankali zai kai ka sa'o'i. Ranar da iskar hunturu ta taso, tsayuwa wuri ɗaya ma cin wuta take, domin injin kokawa yake yi ba hutu. Batirin mota ba zai jure ba, sai irin na sola. Ka sa bireka, wato abin da ke yanke wuta idan ta yi yawa, mai amp 60 da waya mai kauri, siririya zafi take yi ta narke.

A goshin jirgi ake ɗaura shi, don haka sai kafinta ya kafa faffaɗan katako mai ƙarfi a wurin. Farfelar ta nutse aƙalla santimita 30, in ba haka ba iska za ta riƙa sha.

Mai su da raga ya yi hattara. Injin ba ya ganin raga ko kututture, kuma da kansa yake juyawa. Zaren da ya naɗe bayan farfela shi ke yanke robar da ke tare ruwa, ruwa ya shiga, injin ya ƙone. Kwance farfelar a kai a kai ka cire zaren. A fadamun Haɗeja da kacalla ta cinye kuwa, ba mu ba da shawarar saye, gora ta fi shi aiki.

Kafin ka biya, tambayi mai sayarwa ko yana da farfela da rimot na canji. Filafilinka kuma kada ya bar cikin jirgi.