Me Ke Sa Jajayen Ƙwayoyin Jini Su Dunƙule?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar gwaje-gwajen asibiti ce. Mun ɗiga shuɗin ruwan anti-A, na gwada rukunin jini, a kan jini, nan take ya yi curi-curi. Daskarewa ce wannan? Kuma ta yaya sinadarai ke haddasa hakan?

Amsa: 'Yata, ba daskarewa ba ce. Daskarewa aikin zaren fibrin ne. Abin da kika gani ƙwayoyin ne da kansu suka manne wa juna.

Fatar kowace jar ƙwaya tana ɗauke da sinadarin sialic acid, wanda ke ba ta cajin lantarki iri ɗaya da na 'yar uwarta, don haka kullum ture juna suke yi. Duk abin da zai dunƙule su, ko ya miƙa ya kamo ƙwayoyi biyu lokaci guda, ko ya rage wannan turewar.

Ruwan anti-A kamowa yake yi. Ƙwayar garkuwar jiki da ke cikinsa, irin ta IgM, babba ce, tana da wuraren kamu 10, sai ta riƙo wannan ta riƙo waccan. Da irin wannan dunƙulewa Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a 1901. Tsirrai ma suna da masu yin haka, ana kiransu lektin. A 1888 Hermann Stillmark ya ga ruwan da ya tato daga 'ya'yan zurma yana dunƙule jini.

Ita kuwa IgG, wata irin ƙwayar garkuwar, ƙarama ce, takan kama jar ƙwaya ɗaya ta kasa kaiwa ga ta biyu, sai gwaji ya fito fes alhali haɗarin na nan. Wannan ne ya fi damuna, domin a kan irin wannan sakamakon ake iya ƙara wa mara lafiya jinin da jikinsa zai farfasa. Shi ya sa ake taimaka mata. Papain, da ake samu daga ƙaron ɗanyar gwanda, yana yanke furotin masu ɗauke da cajin, ƙwayoyin su matso kusa. Sinadarin Polybrene yana da kishiyar caji, sai ya kashe turewar. Gwajin Coombs na 1945 kuma yana sarƙe IgG ɗin da juna.

Ki lura da curin ƙarya. Idan furotin irin fibrinogen ya yi yawa, ƙwayoyin kan jeru kamar sulallan da aka ɗora kan juna. Ki canza ruwan jinin da ruwan gishirin gwaji ki sake dubawa a madubin likita: na ƙarya zai watse, na gaske ba zai motsa ba.