Ku Tambaya Mu Amsa: Jinkirin Jirgi Ya Hana Mu Shiga Fadar Alhamra, Shin Muna da Haƙƙin Diyya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni da maigidana mun daɗe muna tara kuɗi domin mu je mu ga Andalus da idonmu, shi saboda son tarihi, ni kuma tun ina Islamiyya nake jin sunan Ƙurɗuba. Mun sayi tikiti guda daga Abuja zuwa Madrid, da sauyin jirgi a wani birni a kan hanya. Ranar tafiya jirginmu bai tashi ba sai bayan awa biyar, muka tarar wanda za mu hau a can ya tafi, muka kwana a kan kujerun filin jirgi. Mun isa Madrid a makare da kwana ɗaya, akwatina kuma bai iso ba sai a rana ta huɗu. Haka muka yi asarar kuɗin otal na daren farko, da tikitin jirgin ƙasa zuwa Granada, da tikitin shiga fadar Alhamra wanda muka saya domin washegarin saukarmu. Da muka nemi wani, aka ce babu gurbi sai bayan ranar komawarmu. A dawowa ma an sake yin jinkiri tun daga Madrid, muka sauka Abuja bayan lokacinmu da awa tara. Maigidana ya ce mu bar wa Allah, ni kuwa abin yana damuna. Shin akwai abin da za mu iya nema? Kuma idan Allah ya nufa muka sake zuwa, yaya ya kamata mu tsara tafiyar?

Daga wata mai karatu a Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya, barka da dawowa, Allah ya mayar muku da alheri. Maganar maigida tana kan hanya ta fuskar kwantar da hankali, sai dai haƙuri da neman haƙƙi ba su saɓa wa juna ba, domin kuɗi kuka biya a kai ku a kan lokaci tare da kayanku. Matsalolinku uku ne, kuma kowace da dokar da ta shafe ta. Zan fara da ta akwati, domin ita ce wadda lokacinta yake saurin ƙurewa, shi ya sa ma na aika miki da wannan sashe tun kafin mujalla ta fito.

Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya da Sifaniya duk suka shiga, ita ce take tsara alhakin kamfanonin jiragen sama a tafiye-tafiye tsakanin ƙasashe. Ta tanadi cewa idan kaya suka makara, fasinja yana da kwana 21 daga ranar da aka damƙa masa su domin ya shigar da koke a rubuce, idan kuma lalacewa suka yi, kwana 7 ne kacal. Abin da ake biya a nan shi ne ainihin abin da jinkirin ya sa kika kashe, wato tufafin da kika saya kika sauya, da sabulu da man shafawa da makamantansu, matuƙar ba a yi almubazzaranci ba. Iyakar abin da kamfani zai biya fasinja ɗaya ita ce 1,519 a ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, tun daga 28 ga Disamba 2024, wato kusan dala 2,000. Wannan iyaka ce, ba kyauta ba, don haka rasit ne zai yi miki magana. Ki haɗa shi da 'yar takardar da aka liƙa miki a tikiti lokacin da aka karɓi akwatin, da takardar rahoton ɓatan kaya da ake kira PIR, wadda nake fata kin cika a filin jirgin Madrid kafin ki fita.

Jinkirin dawowa shi ne inda hujjarku ta fi ƙarfi, ko da yake na lura shi kika fi taƙaitawa a wasiƙarki. Tarayyar Turai tana da doka mai lamba 261 ta shekarar 2004, wadda ta shafi duk jirgin da ya tashi daga filin jirgin wata ƙasarta, ko da kamfanin ba na Turai ba ne. Kotun Tarayyar ta yanke hukunci a 2009 cewa wanda ya isa zangonsa na ƙarshe a makare da awa uku ko fiye ya cancanci diyya, sannan a 2018 ta ƙara da cewa sauya jirgi a wata ƙasa da ba ta Turai ba ba ya soke wannan haƙƙi, muddin tikitin guda ne. Diyyar tana bin nisa: yuro 250 idan tafiyar ba ta wuce kilomita 1,500 ba, yuro 400 zuwa kilomita 3,500, yuro 600 ga abin da ya haura haka. Tsakanin Madrid da Abuja ya ɗan haura kilomita 3,600, saboda haka abin da za ku nema shi ne yuro 600 ga kowannenku. Da a Kano tikitin ya ƙare, da yuro 400 ne, domin nisan bai kai 3,500 ba.

Kamfani yana iya kuɓuta idan ya tabbatar da cewa wani abu ne da ya fi ƙarfinsa ya jawo jinkirin, kamar mummunan yanayi ko yajin aikin masu kula da sararin samaniya. Amma lalacewar jirgi ta yau da kullum ba ta cikin waɗannan uzurori, kuma nauyin kawo hujja a kansa yake, ba a kanku ba. Ku rubuta masa kai tsaye, ku ambaci lambar tikiti da ranar tafiya da lokacin da kuka sauka. Idan ya yi shiru na wata guda ko ya ƙi, sai ku kai ƙara ga hukumar jiragen sama ta Sifaniya, AESA, wadda take karɓar irin wannan koke kyauta. Idan aka yi muku tayin takardar rangwamen tikiti a madadin kuɗi, ku sani ba dole ba ne ku karɓa, doka ta ce sai da amincewar fasinja.

Jinkirin tafiya kuwa, wanda shi ne ya fi ci miki rai, lamarinsa ya fi wuya, kuma gara in faɗa miki gaskiya tun yanzu. Dokar Turai ba ta shafi jirgin da ya taso daga Abuja ba sai idan kamfanin na Turai ne. Idan ba haka ba, sai a koma ga Yarjejeniyar Montreal, wadda ta ba ku damar neman asarar da kuka tabbatar, irin su daren otal da tikitin jirgin ƙasa da na Alhamra, cikin shekara biyu, sai dai kamfanin zai iya kare kansa da cewa ya yi duk abin da ya dace. Kwanan da kuka yi a kan kujeru ma abin koke ne, domin ƙa'idojin hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, NCAA, sun ɗora wa kamfanoni kula da fasinja idan jinkiri ya yi tsawo, kuma hukumar tana da sashen kare haƙƙin matafiya da za ku iya tuntuɓa. Inshorar da aka wajabta muku lokacin neman bizar Schengen, wato bizar bai ɗaya ta galibin ƙasashen Turai, ta rashin lafiya ce, ta aƙalla yuro 30,000, amma ki sake karanta takardar, wasu suna haɗawa da jinkirin jirgi da na kaya.

Yanzu batun komawa, wanda na fi so mu tsaya a kansa, domin ko an biya ku duk abin da na lissafa, ba a mayar muku da Alhamra ba. Tikitin wannan fada yana ɗauke da sunan mai shi, ana duba shi tare da fasfo, kuma sashen fadojin sarakunan Banu Nasr yana da lokacin shiga da aka rubuta a jiki, wanda idan ya wuce ya wuce ke nan. A lokutan cunkoso tikitin kan ƙare makonni kafin ranar. Don haka abin da ba shi da madadi a tafiya, a tsakiyarta ake sa shi, ba washegarin sauka ba, ba kuma jajiberin komawa ba. Ku bar kwana biyun farko ga abin da ko an rasa shi babu babbar asara, ku sa Alhamra a rana ta huɗu ko ta biyar, kuma ku saya a shafin hukumar fadar, ba a hannun 'yan tsakiya ba.

Shawarata ita ce ku fara da Ƙurɗuba, wadda jirgin ƙasa mai sauri yake kaiwa daga Madrid cikin kimanin awa biyu. Babban masallacinta Abdurrahman na Ɗaya ne ya fara gina shi wajen shekarar 785, aka mayar da shi majami'a bayan an ci garin a 1236, kuma ina so ki tafi da sanin cewa ba a yarda Musulmi su yi salla a cikinsa ba, domin kada abin ya zo miki ba zato a gaban mihirabin. Kilomita kusan takwas a yammacin garin akwai kufan Madinatuz Zahra, birnin da Abdurrahman na Uku ya gina a ƙarni na 10, wanda matafiya da yawa suke tsallakewa, alhali mai son tarihi kamar maigida zai iya wuni a can. Daga nan sai Granada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wadda aka miƙa a 2 ga Janairu 1492. A bangon fadojin za ku ga an maimaita rubuta "Wa la galiba illallah", taken gidan Banu Nasr. Idan kun fito, ku haura unguwar Albaicin, inda aka buɗe sabon masallaci a 2003, ku yi salla a can, daga farfajiyarsa kuma ana hango fadar gaba ɗayanta. Ku guji Yuli da Agusta, domin zafin Ƙurɗuba yakan wuce digiri 40, ku zaɓi Afrilu ko Oktoba. Wajen shirya kaya kuma ku raba tufafinku a akwatunan biyu, magani da takardu da kayan kwana ɗaya su zauna a jakar hannu.

TAMBAYA

Malam, ni da iyalina za mu je hutu Maroko, na ga idan na sayi tikiti biyu daban-daban, da sauyi a wani birnin Turai, ya fi araha. Ko akwai matsala?

Daga wani mai karatu a Kaduna

AMSA

Akwai, Alhaji. Idan tikitin daban-daban ne, jirgin farko ya makara kuka rasa na biyu, kamfani na biyu ba shi da alhakin ba ku wani, sabo za ku saya da kuɗinku. Kuma sau da yawa sai kun karɓi kayanku kun sake miƙa su, wanda yake nufin wucewa ta gaban jami'an shige da fice, abin da ba zai yiwu ba sai da cikakkiyar bizar Schengen. Ko da ba za ku fita daga ɗakin jira ba, Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da ake buƙatar 'yan ƙasarsu su mallaki bizar wucewa ta filin jirgi a yankin Schengen, sai fa wanda yake riƙe da wata bizar da ta ɗauke masa, kamar ta Amurka ko Kanada. Ka lissafa kuɗin bizar Turai a kan ta Maroko da za ku nema, sannan ka kwatanta da tikiti guda da zai kai ku Kasabalanka.