Fito da zanen yatsa a jiƙaƙƙen wuri

Ka tambayi yadda za a fito da zanen yatsa a jikin motar da ruwan sama ya jiƙa. Kada ka sa hoda da burushi, za ta dunƙule ta shafe layukan. Yi amfani da SPR (Small Particle Reagent), wato ruwan da aka gauraya da gari mai laushi: giram 30 na garin molibdinam disalfaid a lita 1 ta tataccen ruwa, da ɗigo 2 na Photo-Flo, wani ruwa mai kama da sabulu da ake amfani da shi wajen wanke fim ɗin hoto. Riƙa girgizawa, domin garin yana saurin kwanciya. Fesa daga sama ya gangaro, ɗauraye a hankali, ɗauki hoto, sai ya bushe ka ɗaga da salatif.

Ruwa yana wanke gishiri da amino asid na gumi, maiƙo ne ke saura, shi garin ke kamawa. Shi ya sa ninhaidirin, sinadarin da ke fito da zanen yatsa ta hanyar kama amino asid, ba ya aiki a takardar da ta jiƙe. Ita ana iya sa mata Oil Red O, wani jan rini mai kama maiƙo.