Jirginka na Goronyo kai kana Jidda, ga dillali ya matsa

Wani ɗan uwanmu da ke aiki a Jidda ya turo min saƙon murya mai tsawo, yac ce in amsa mai a nan ko wani zai ƙaru. Maganar a taƙaice ita ce, shekarun baya ya tara kuɗi ya sai jirgin katako da inji Yamaha doki 40 ya ba ƙanenai shina ɗaukar mutane da kaya wajen Goronyo, da farko ana turo mai ɗan abin da anka samu, yanzu kuma babu, kullum sai labarin gyara da tsadar fetur. Ga sabunta iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, ta taso mai, ga ginin gida ya tsaya a linta. Sai ga wani dillali ya samu lambarshi ya kira shi wai akwai mai saye daga Yawuri da kuɗi a hannu, shi dai ya faɗi farashin ƙarshe kuma ya turo kuɗin mota a kai mutumin ya ga kaya. Tambayarshi, shi ba dillalin jirgin ya sayar ko a'a, kuma wace takarda za a yi tunda ba ya ƙasar.

To Malam, Allah shi ba da sa'a, shi kuma maido ku gida lafiya. Kada ka tura kuɗin motar nan. Dillali ana biyanshi ne bayan an yi ciniki an sallama, la'adarshi daga cikin kuɗin kaya take fita, mai saye kuma in da gaske yake shi zai biya motarshi daga Yawuri, ai ba kai kag gayyato shi biki ba. Kuma ka tambayi kanka wa ya ba mutumin nan lambarka ta Saudiyya, don in ƙanenka bai san da maganar ba to akwai wani a gidanku ko cikin abokanka da ya riga ya fara cin kasuwar jirgin kai ba ka sani ba.

Ba wai ina kushe dillanci ba ne fa. Sana'a ce halal, cikin Sahihul Bukhari akwai babi guda kan ladan dillali, har an kawo maganar Ibn Abbas cewa babu laifi mutum ya ce sayar min da wagga tufa, abin da ya ƙaru a kan kaza naka ne. Kuma jirgi ba tumaki ba ne da za ka kora kasuwar Achida ka samu masu tayi goma kafin azahar, masu sayen jirgi kaɗan ne, sun san juna, suna bakin ruwa, Yawuri da Warra da Argungu da ƙauyukan gulbin Rima, kai da kake Jidda ba ka da hanyar kai musu magana in ba ta bakin wanda suka sani ba. Don haka dillali za ka buƙace shi. Abin da nike gudar maka shi ne dillalin da ke aiki ba ƙa'ida, wanda zai ce maka an taya kaza, ya ce ma mai saye mai kaya ya ce ba zai sallama ba sai kaza, ya ci tsakiya, sannan ya dawo ya karɓi la'ada hannu biyu. Maganar Ibn Abbas ɗin can da sanin mai kaya ce da yardarshi. Wadda anka yi a ɓoye cin amana ce kawai.

Saboda haka kafin shi ɗauki hoton jirgin ma, ku yanke magana ɗaya cikin biyu. Ko dai la'ada sananniya, kaso kaza cikin ɗari ko kuɗi kaza dunƙule, kuma a faɗi wa zai biya, kai ko mai saye ko ku raba. Ko kuma ka ce ni kaza nike so a hannuna abin da ya hau naka ne. Ni da ni ne ta farko zan ɗauka, saboda kai ka daɗe ba ka gida, farashin da ke kanka na shekarar da kas saya ne, kuma tun da anka saki naira a 2023 duk wani abu da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, injin nan naka na hannu zai iya fin kuɗin da kab biya lokacin da shina sabo. In ka yi gaggawar faɗin farashin ƙarshe da tsohon lissafi, dillali zai yi maka godiya har da addu'a. Ka sa wani ya tambayo maka kuɗin sabon inji irinshi yau a wurin masu sayarwa, da kuɗin da kafintan jirgi zai karɓa ya ƙera sabo mai tsawon naka, daga nan ne za ka san inda za ka tsaya. Kuma ka sa wa'adi, wata ɗaya ko biyu, in bai kawo mai saye ba ka ba wani, kar ka bar jirgi a hannun dillalai huɗu lokaci guda don kowa zai faɗi farashinai daban har masu saye su ɗauka kayan sata ne.

Wajen kuɗi kuma ka raba lissafin inji da na gangar jirgi, ko da mutum ɗaya zai kwashe duka. Yawancin dukiyar tana cikin injin. Katako yana ruɓewa, ana toshe shi da tsumma da kwalta ana buga mai gwangwani, amma inji in shina da lafiya ko ina za a ɗauke shi a bayan mota a kai. Wani lokaci ma sai ka ga an fi samun riba in anka sai da inji ga wani can, gangar kuma ga masunci na nan kusa da zai tuƙa da gora.

Abin da zan so ka yi cikin satin nan, a kira ka ta bidiyo daga bakin ruwa, ba hoto ba, don hoto na iya zama na bara. A nuna maka ɗan farantin da ke manne jikin ƙarfen da ake ɗaure inji da shi a bayan jirgi, nan lambar inji take, a karanta maka ita ka gwada da wadda ke kan rasit ɗinka. In ba su yi daidai ba to an canza maka inji, sai a tsai da maganar sayarwa a fara wata maganar. In faranti ya ɓace ko an kankare shi, mai saye mai hankali zai ja baya ko ya karya kuɗin. A ta da injin cikin ruwa kana gani, tun da sanyinshi ba wanda anka riga anka ɗuma ba, ka duba ko ruwan nan da ke tsartuwa ta baya yana fita da ƙarfi, shi ke nuna injin na shan ruwan sanyaya kai. A kwance 'yar ƙusar da ke ƙasa wajen farfela a ɗiga man giya a tafin hannu, in ya fito fari-fari kamar an zuba mai madara to ruwa na shiga, gyara ne ke jiran wani. Gangar kuma a kwashe ruwan ciki a jira rabin awa a ga nawa ya dawo, a sa ƙusa a soki katakon ƙasa da wajen da inji ke zama, in ta shige ba gardama to sabon fenti ne kawai ke rufe ruɓa.

Duk abin da anka gani a faɗa ma mai saye, a kuma rubuta. Na san dillali zai ce a yi shiru kar kuɗi su faɗi, amma hadisin wanda ya yi algus ba ya cikinmu ba a kan hatsi kaɗai ya tsaya ba, kuma jirgi rayuka yake ɗauka. Mu nan ba labari anka ba mu ba. A watan Agustan 2025 jirgi ya kife da mutane sama da 50 da za su ci kasuwar Goronyo ran Lahadi, a 2022 kuma cikin azumi mutum 29 sunka rasu a gulbin Shagari, yawancinsu yara. In ka ɓoye aibi ka sayar, gobe wani abu ya faru, ko hukuma ba ta neme ka ba kai ka san abin da ka sani.

Yanzu maganar takarda. Ka naɗa wakili ɗaya, mutum ɗaya tak, kuma kar ya zama dillalin. Wanka ko kawunka ko wani amini da ba ya cin abinci a jirgin. Ka rubuta da sunanka kamar yadda yake a fasfo cewa ka wakilta wane ya sai da jirgi kaza da inji mai lamba kaza, kada ya sallama ƙasa da kaza, kuɗi kuma su shiga asusu mai lamba kaza, ka sa hannu da kwanan wata da shaidu biyu daga cikin 'yan uwanmu da ke nan Jidda, ka ɗauki hoto ka tura, ka bi da saƙon murya. Ga cinikin bakin ruwa wannan kan wadatar. In kuwa mai sayen ɗan boko ne ko wata ƙungiya, ko kuma jirgin na da rajista da sunanka a NIWA, hukumar da ke kula da hanyoyin ruwa na cikin gida mai hedikwata a Lakwaja, to ka sa lauya a Sakkwato ya tsara maka takardar wakilci, ka je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya na Jidda ka tambayi yadda za su tabbatar da sa hannunka, ka kuma sa wakilinka ya bi a cire sunanka daga rajistar bayan ciniki.

Ranar ciniki kuma a yi takardar saye da sayarwa kwafi biyu, sunan mai saye da garinsu da lambar NIN ɗinshi da hotonshi, lambar inji, tsawon jirgi, aibin da anka faɗa, kuɗin da anka biya, ranar da ya karɓi kaya. Sarkin ruwa na wurin ko shugaban masu jirage ya sa hannu cikin shaidu, in da hali har mai unguwa. Wanga ba ƙaƙale ba ne. Kai ma ka san halin da gabashin Sakkwato ke ciki, Sabon Birni da Isa da Rabah da ita kanta Goronyo, jirgi mai inji abu ne da miyagu za su so, in ka sai da ma wanda ba a san asalinshi ba gobe anka kama jirgin da kayan da ba su dace ba, mutanen bakin ruwa za su ce ai jirgin wane ne na Saudiyya, sai a zo a ɗauki ƙanenka ko tsohonku. Takardar nan ita za ta fidda su. Mai sayen da ya ƙi ba da NIN ko ya ce sai da dare zai zo ɗauka, a bar shi ya tafi da kuɗinai.

Kuɗi su tashi daga asusun mai saye su faɗa asusunka kai tsaye, kai ne za ka fidda la'ada ka tura ma dillali. Kada inji ya bar hannun wakilinka sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka, don alat na ƙarya ya yi yawa. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum ɗaya biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. In asusunka na gida ya daskare ko ba ka taɓa yin BVN ba, Babban Banki ya buɗe hanyar yin BVN daga waje a 2025, ka fara wannan tun yau don ba ya ƙarewa rana ɗaya. Bashi kuwa, a biya rabi yanzu rabi bayan kaka, ban ba ka shawara ba, kana Jidda wa zai bi maka? In dole ta sa, a rubuta kamar yadda aya ta 282 cikin Baƙara ta ce, inji kuma ya zauna ɗaki sai an cika.

Sai abin da ba ka tambaya ba, ƙanenka. Cikin saƙonka duka ban ji inda kac ce ka gaya mai za ka sayar ba. Yaron nan da jirgin yake ci da iyalinai, kuma zai yiwu da gaske yake cewa ba riba, fetur ya ninka tun da anka cire tallafi a 2023, mutane na tsoron hanya, wasu kasuwanni sun ragu. Zai yiwu kuma shina ci. Ko wanne ne, kar ya ji labari a bakin dillali. Ka kira shi da kanka, ka fara yi mai tayi, in zai iya haɗa kuɗin gangar ka bar mai ita da rangwame ka sai da injin, ko ka ware mai wani abu cikin kuɗin ya ja jari. Ka kuma tambaye shi ko ya taɓa sa kuɗinai a gyara ko ya ci bashi da sunan jirgin, don irin wannan ranar ciniki take fitowa, mai gyara ya zo ya riƙe farfela ya ce sai an biya shi. Ka sa Inna cikin maganar tun farko in tana raye, ita ce za a kai ma ƙara ko ka sa ta ko ba ka sa ta ba.

Game da iƙama, a dokar ƙwadago ta Saudiyya mai ɗaukar aiki ne ke biyan kuɗin iƙama da lasisin aiki da sabunta su, na san da yawa daga cikinku kun shiga da tsarin da ku ke biyan kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanku, da kanku, amma in kana da kwantiragi na gaskiya da kamfani ka duba shi kafin ka karyar da dukiyarka don biyan abin da ba naka ba ne.

In kuma ba wuta ke bayanka ba, ka jira. Da rani in ruwa ya ja baya ba mai ɗokin jirgi, masu saye na motsi ne gab da damina, daga Yuni zuwa lokacin da gulbi ke cika a Agusta da Satumba. Kafin nan a cire injin a tsiyaye man da ke cikin kafireto a jingine shi tsaye a ɗaki, gangar kuma kar a bar ta kife kan yashi cikin ranar Afrilu ta tsattsage, a bar ta cikin ruwa ko a ja ta inuwa ana watsa mata ruwa. Ka turo min hoton rasit ɗin da lambar da anka karanta maka in duba.