Na sake boris da sil na bulowar 6-71, sai ga ta tana goga: ina kuskuren yake?

Tambaya: Ina da tsohon janareta mai injin Detroit Diesel 6-71. Bulowarsa tana zubar da baƙin mai, na kwance ta na sa sababbin boris da oyal sil. Da na haɗa, in na juya da hannu sai in ji tana goga, har da ɗan garin alminiyum. Da wace alama ta karanshaf ake saita taimin ɗinta?

Amsa: Malam, babu wata alama. Bulowar nan ba ta da taimin da karanshaf. Kamfanin General Motors ya fito da jerin injinan 71 a 1938, kuma kowane zagaye ɗaya na karanshaf fistin yana samun wuta, don haka ba ya zuƙar iska da kansa. Bulowa ce ke tura iskar da ke kore hayaƙi ta cika silinda, tana gudu kusan ninki biyu na injin. Duk yadda sandar da ke juya ta ta shiga, daidai ne. Taimin da ake magana tsakanin rotoci biyun da ke juyawa a cikin bulowar yake, masu fiffike uku-uku a murɗe. Suna shiga cikin juna amma ba sa taɓa juna, giya biyu na baya ne ke riƙe tazarar. Tazarar taka ta ɓace, kuma kada ka tada injin a haka, domin garin da ka gani silinda zai nufa.

Fara da duba haɗin. Rota ɗaya murɗinta na dama ne, ɗaya na hagu, giyoyin ma haka, kowace giya da rotar da murɗinsu ya zo ɗaya. A bakin sandar kowace rota akwai gurbin haƙori ɗaya da aka tsallake, a cikin giyar ma akwai, dole su haɗu. Giyoyin kuma tare ake zare su da fula biyu, wato ƙarfen zare giya, tare ake mayar da su. Wanda ya ɓamɓare ɗaya ya bar ɗaya ya matse fiffike a kan fiffike. In za ka kwance ko ɗaure kusoshin giya, cusa tsumma mai tsabta tsakanin rotocin, ban da sukundireba.

Abin da na fi zargi shi ne shim. Siraran wosha ne da ke bayan giya, sukan manne da baƙin mai su faɗa kwanon wanki ba a lura ba, ko a mayar da su bayan giyar da ba tasu ba. Da yake haƙoran giyar a karkace suke, in ka turo giya waje kaɗan sai rotarta ta ɗan juya. Shim mai kaurin inci 0.003 yana gusar da rota kamar inci 0.001. Ana samunsu a 0.002, 0.003, 0.005 da 0.010. Shim a bayan giya ɗaya yana buɗe tazarar, a bayan ɗayar yana rufe ta.

Ga awon. Ɗaure giyoyin su zauna sosai tukuna, awo a kan giya mai sako-sako ɓata lokaci ne. Da fila geji mai dogon harshe, wato siraran ƙarafan auna tazara, auna tsakanin gefen baya na fiffiken rotar sama da gefen gaba na fiffiken rotar ƙasa. Ana so ya faɗa tsakanin inci 0.002 da 0.006, wato milimita 0.05 zuwa 0.15. Auna inci ɗaya daga kowane ƙarshe da kuma tsakiya, a kan fiffike ukun duka, ta bakin shigar iska da ta bakin fita. Ni na fi son a tsaya kusa da 0.002, ga dalili: rotar sama ce ke jan ta ƙasa, giya na cinyewa ta ƙasa na ƙara ja baya, sai wannan tazarar ta buɗe, ta ɗaya gefen ta matse. Shi ya sa ɗaya gefen ake barinsa da faɗi sosai. Yayin awo ka riƙe rotocin ta fuskar da suke juyawa, don wasan da ke tsakanin haƙoran giyoyin kada ya ruɗe ka. Wasan nan in ya wuce inci 0.004, shim ba zai yi magani ba, sai sababbin giyoyi, kuma biyun tare ake sauyawa.

In taimin ya zauna amma gogar tana nan, koma kan boris. Mai ƙwallaye layi biyu yana ɓangaren giya, shi ke hana rota zamewa gaba ko baya. Na ɗaya ƙarshen yana barin rota ta miƙe in ta ɗauki zafi. In boris bai zauna har ƙasa ba, rota za ta ci murfin ƙarshe. A ɓangaren giya tazarar kada ta gaza inci 0.007, tsakanin rota da gidanta ta bakin fitar iska kuwa kada ta gaza 0.004. Sauran awon da ƙarfin ɗauri suna bin girman bulowa, ka ɗauko su daga littafin injinka. Ƙananan ƙaiƙayin da gogar ta tayar ka share su da lallausar sanfefa, ka wanke tas. Rota mai zurfin rauni ko sanda mai lanƙwasa sai canji.

Sil ɗin ma ka sake dubawa, tunda za ka kwance. Shafa masa mai, ka rufe haƙoran sanda kafin ka zura shi don kada leɓensa ya yage, ka kuma shafa wurin da yake hawa da farce, in ya yi kwari sabon ma zai zubar. Wannan ba yoyon wasa ba ne: baƙin man da ya bi iska ya shiga silinda yana iya sa injin ya tashi da gudu, ka rufe man gas ya ƙi mutuwa. Kafin tashin farko ka gwada murfin gaggawa na bakin iska ka ga yana faɗawa ya toshe. Bayan injin ya yi ɗan aiki, kashe shi, cire batir, ka haska tocila cikin bulowar. Siririn mai da ke bazuwa daga gefen murfin ƙarshe alamar sil ne, sabon ƙyalli a kan fiffike kuwa alamar har yanzu suna taɓa juna.